Ayarin ƙafa da keke na layinmu a Mabera cikin garin Sakkwato, yadda aikin ke tafiya

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Yau bayan la'asar munka zauna ƙofar gidan mai unguwa, magidanta ashirin da uku. Abin da ya tara mu kowa ya san shi, kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafi lita ba ta kai naira 200 ba, cikin kwana biyu ta haura 500, wanga makon kuma ta wuce dubu. A layinmu kaɗai motoci nawa ke ajiye an lulluɓe su da tamfol, masu fita da tasu kuma rabin albashi a gidan mai yake ƙarewa, 'yan kabu-kabu su ma sun ninka kuɗi kuma ba ka ganin laifinsu.

Ni abin da na kawo wurin zaman shi ne maganar yara. Daga layinmu zuwa firamaren da mafi yawan yaranmu ke zuwa bai kai tafiyar minti ashirin ba a ƙafa, amma kullum sai an tada mota ko an biya mashin, dalili guda, tsallaka babban titi. To ka je bakin makarantar da bakwai da rabi ka gani, cunkoson da ke ba mu tsoro ɗin motocinmu ne da mashinanmu, kowa ya zo sauke nashi yana sauri, yana juyawa a tsakiyar yaran wani.

An tsaya a kan yara su rinƙa tafiya ayari guda da manya biyu ko uku suna rakiya bi da bi, a fiddo tsofaffin kekunan da ke cikin gidaje a gyara ma 'yan sakandare, mu kuma ma'aikata da ke tafiya wajen sakatariya mu nemi bas guda mu haɗa kuɗi. Kowane gida naira 2,000, an samu 46,000, liman ya ce ma'aji shi zama malamin lissafin da ke ƙarshen layi, ba wanda ya musa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sayayya a babbar kasuwa. Riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan titi guda shida 15,000, usur shida 3,000, allon katako biyu da anka rubuta TSAYA da jan fenti 4,000. Saura 24,000. An buɗe gurup a WhatsApp, an jera sunayen masu rakiya na mako biyu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ayarin farko ya tashi bakwai da minti goma daga bakin masallaci, yara sha bakwai. Babba guda a gaba, guda a baya, na uku shi ke shiga titi da allo. Abin da ban zata ba, motoci sun tsaya. Yaro guda shi kaɗai a bakin titi ba mai kallonshi, amma yara sha bakwai cikin yunifom da dattijo riƙe da allo ko direban tifa sai da ya taka birki. Mun isa kafin a buga ƙararrawa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ranar kekuna. An fiddo guda sha huɗu daga sito da bayan ɗaki da kan rufin bayi, wasu Rali ne da Fonis na zamanin iyayenmu masu nauyi, wasu ƙananan na gwanjo da yara sunka yi ma girma. Baba mai gyaran keke na bakin kwalbati ya zo da akwatinshi ya zauna gindin dogon yaro yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Tara za su tashi, biyar sai dai a cire masu kaya. Na ce "Baba, wanga fa ƙarfenshi lafiya lau yake", ya ce "Malam, dubi nan wurin wuya, ya tsage, in yaro ya hau shi ya faɗa rami raba shi zai yi biyu." Da ya goge tsatsar sai ga tsagar ta fito ƙarara.

Yawancin ciwon nasu iri ɗaya ne, taya ta bushe ta tsattsage, tub ya narke ya manne, sarƙa ta ci tsatsa, robar birki ta ƙare, boris ba giris. Mun shirya mai keke shi sayi taya da tub da kanshi, asusu ya biya kuɗin aiki, 1,500 kowane keke, 13,500 ke nan. Mun sayi famfon iska babba 7,000 da gam da robar faci na 3,000 a aje a shagon mai shayi don kowa shi samu. Abin da ya rage a hannun ma'aji naira 500.

Baba ya daɗe yana ba mu labarin lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan En'e ke zuwa aiki a kan keke da babbar riga an naɗe ta a kafaɗa, ba mai ganin ƙasƙanci. Ya ce sana'arshi mashin ɗin Caina ne ya kashe ta, yaran da ya koya ma aiki duk sun koma gyaran babur.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun samu mai bas, mai cin mutum goma sha takwas. Ya ce 14,000 a rana, ya kwashe mu bakwai da rabi ya dawo da mu ƙarfe huɗu. Mu sha shida munka rubuta suna, 900 kowa a rana, ɗan abin da ya hau a aje. Ni motata kai yara da zuwa ofis da dawowa ba ta kasa lita uku a rana, ka lissafa da kanka. Za a rinƙa biyan na mako gaba ɗaya ran Lahadi da dare.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Bas ta fara. Yaran ayari sun kai ashirin da tara, 'yan keke bakwai na tafiya tasu daban.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Faci ya dame mu. Cikin mako guda kusan kowane keke ya sace, wasu sau biyu. Baba ya juya taya ya nuna mana, ƙayar tsidau ce, yaran na yanke ta wani fili da ba a gina ba don gudun titi, kuma yanzu da ciyawa ta bushe filin cike yake da ita. Dabarar da ya yi, ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa cikin taya kafin ya sa sabon, keke ya ɗan ƙara nauyi amma ƙaya ba ta kai ciki da sauƙi. Matasa sun yi alkawarin share hanya guda a filin gobe da fartanya da tsintsiya.

Ni ma na fara hawa nawa zuwa masallacin Juma'a da cefane. Tsokana kam na sha. Wani abokin aikina har ya tuna man da Ojo Maduekwe, ministan sufuri na zamanin Obasanjo da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma keke, wanda a 2001 bas ta ture shi cikin kwata yana kan kekenshi. Na ce mashi to ai abin da ya nuna shi ne titin ba a yi shi don mai keke ba, ba wai keken ne ya yi laifi ba. Abin da na lura da shi a wanga aiki, mutum ya gwammace shi ci bashin mai da a gan shi kan keke a ce ya karye. Wani maƙwabcina da kanshi ya ce mani "ni in hau keke surukaina su gan ni?" Kuma na san halin da yake ciki, wata biyu bai biya kuɗin makaranta ba. Wannan kunyar ita ta fi ba ni wahala, ta fi tsadar taya nesa ba kusa ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau an buge mana yaro. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yadda abin ya faru, mai allo ya shiga titi motoci sun tsaya, yara sun fara tsallakawa, sai wani ɗan kabu-kabu da ya biyo ta hannun da ba nashi ba ya ratso tsakanin wata bas da ta tsaya da gefen titi, bai ga yaran ba saboda bas ɗin ta tare mashi, ya kwashi wani yaro ɗan aji uku. Allah ya taƙaita ba gudu yake sosai ba. Yaron ya faɗi kan hannu, ga gurjewa a gwiwa da goshi. Mai mashin ɗin bai gudu ba, yaro ne shi ma bai fi shekara sha tara ba, jikinshi na rawa, shi ya ɗauke su zuwa asibiti shi da wanda ke rakiyar baya. Matasa sun so su taɓa shi dattawa sunka hana.

Hoton ƙashi ya nuna tsagewa a tsintsiyar hannu, an sa filasta. Hoto da magani da sauran abubuwa 21,000. An yi karo-karo a gurup kafin magariba an samu 26,000, mai mashin ɗin ya kawo 3,000 ya ce ita ke gare shi, uban yaron ya ce shi riƙe abinshi.

Da dare na tafi gidan da ni da liman. Uban bai ce komai ba sai godiya, amma Hajiya kakar yaron daga bayan labule ta ce "Malam, mun ba ku amana, da can da ake kai shi a mashin mi ya taɓa samun shi?" Liman ya ce "Hajiya a yi haƙuri, tsautsayi ne." Ta ce ta sani, amma jikanta ya bar ayari. Ba ni da abin cewa, tana da gaskiyarta. Sai dai har na dawo gida ina tunanin yaran da nake gani huɗu biyar kan mashin guda da safe, ƙarami a kan tanki, ba hular kwano ba komai, wannan ba mai kiran shi haɗari saboda an saba gani.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yara sha ɗaya kawai sunka fito.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mitin na gaggawa, an ɗau zafi. Wasu sun ce a watse kawai. Wani jami'in kiyaye haɗurra da ke haya a bayan layinmu ya zo don kanshi ba aiko shi anka yi ba, ya bi mu har wurin ya duba. Ya ce inda muke tsallakawa wurin da bas-bas da keke napep ke tsayawa ɗaukar fasinja ne, duk abin da ya tsaya zai tare ma na baya gani. Ya nuna mana gaba kaɗan, kamar taku saba'in, inda titin ya miƙe ba shago ba mai tsayawa. Ya ce kuma masu allo su zama biyu, kowane hannu guda, su tsaya suna fuskantar abin da ke zuwa har yaro na ƙarshe ya hau gefe, yara su tsallaka a dunƙule ba a jere ba don dogon layi ya fi daɗewa cikin titi.

Sai maganar tudun rage gudu. Matasa sun ce su a ba su siminti buhu biyu cikin dare su gama. Mai unguwa ya ƙi. Na ce "Ranka shi daɗe, to in munka jira hukuma yaushe?" Ya ce ya ga inda anka yi irin wannan ba fenti ba alama, cikin dare mai mashin ɗauke da mace mai ciki ya hau shi, ba za a yi a unguwarshi ba. An tsaya a rubuta takarda, shi zai sa hannu da liman da hedimasta. Wani ya kawo shawarar a je a ga shugabannin 'yan kabu-kabu na tashar bakin titi tunda kullum nan suke, wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a zaman.

An sake tara 1,500 kowane gida, gida sha tara sunka biya, 28,500.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An kai takarda ofishin da abin ya shafa, sun buga hatimi sun ce a saurare su. 'Yan kabu-kabu sun karɓe mu hannu biyu, shugabansu ya ce su ma yaransu na bin titin, ya ba mu mutum guda kullum da safe shi tsaya da mu, in nasu ne ya tsayar da su sun fi jin magana.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yara sun koma ashirin da biyu. Sabon wurin tsallakawa ya fi, ba ko tantama.

Bas kuma ta mutu. Tun mako na biyu anka fara, wannan ya ce yau yana da aiki a Wamakko ba zai biya ba, wancan ya ce albashi bai shigo ba a ɗaga mashi, ran Juma'a wasu na son tashi sha biyu da rabi wasu ɗaya, wani kuma sai an tsaya ƙofar gidanshi ana hon yana wanka. Daga sha shida munka koma tara masu biya a kan lokaci, 8,100 ke nan a rana, ma'aji na ciko daga asusun yara wanda bai kamata ba. Ran Laraba direba bai zo ba, ya samu shatar kai 'yan kasuwa Achida, munka tsaya bakin titi har takwas da rabi kowa ya nemi mashin. Da na kira shi ya ce "Alhaji ni ma mai nake saye, ina bin ku cikon kwana huɗu." Ba ƙarya ya yi ba. An biya shi 11,000 da yake bi, an rabu lafiya.

Abin da ya maye gurbinta ba mu muka tsara shi ba, mutum huɗu-huɗu sun haɗa kansu a mota guda, kowa na ɗaukar mako. Motoci uku ke fita yanzu maimakon goma sha wani abu. Mutum huɗu sun fi sha shida sauƙin jituwa, kuma wanda ya makara kunyar abokan tafiya ta ishe shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Hazo da safe har ba ka hango abin da ke gabanka da nisa, yara na tari, leɓe duk ya fashe. Mun ja lokacin tashi zuwa bakwai da minti ashirin, an sayo takunkumi kwali guda 3,500, an liƙa ma kekuna tef mai ƙyalli gaba da baya 2,000. Ƙura na cin sarƙa, Baba ya ce a bar zuba bakin mai da yawa don shi ke kama ƙasa, a goge da tsumma a ɗiga kaɗan duk mako.

Matan layi sun aiko da saƙo ta hannun uwargidana, kuma sun yi daidai. Sun ce duk kekunan maza anka ba, 'yan mata na sakandare su ne ke biyan kuɗin keke napep kullum ko su taka su kaɗai samari na damunsu a hanya. Maganar 'yan mata su hau keke an taɓa ta a mitin, mafi yawan iyaye ba su yarda ba, ni a ganina ƙanana 'yan firamare ba abin da zai hana, amma ban ja ba don kar a rasa duka. Abin da anka yi, ayarin 'yan mata daban, malamar Islamiyya da wata Inna mai sayar da ƙosai da ke bin hanyar dama su ke rakiya. Sun fara ran Alhamis su tara.

Lahadi, 15 ga Disamba

Mun gwada rufe layi. Wani ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo da ke cikinmu shi ya nuna mana bidiyon Kigali ta Ruwanda, inda tun 2016 ake hana motoci bin wasu manyan tituna safiyar wasu ranakun Lahadi mutane su fito tafiya da gudu da keke, ya ce a Bogota ta Kolombiya ma tun 1974 suke yi. Mu ba mu da ikon rufe titin gwamnati, amma layinmu na cikin unguwa mai unguwa ya yarda, bakwai zuwa tara na safe, benci biyu a kowane baki.

Ban taɓa ganin layin haka ba. Yara sun fi hamsin har da na wasu layuka, ana koya ma ƙanana hawa, Baba na gefe yana koya ma manyan yin faci da kansu, wasu dattawa masu hawan jini da likita ya ce su rinƙa tafiya sun yi ta kai da kawo suna hira. 'Yan ga-ruwa mun bar su su wuce da kurarsu. Rigima guda anka yi, wani Alhaji ya fito zai tafi ɗaurin aure Bodinga ya tarar da benci, ya ce wa ya ba mu izinin tsare shi a ƙofar gidanshi. An ɗage benci an ba shi haƙuri ya wuce, amma ya kai ƙara wurin mai unguwa. An shirya nan gaba a bi gida-gida tun ran Juma'a a faɗa, mai fita da wuri shi fitar da motarshi bakin layi tun da asuba.

Yaron da anka buge ya fito kallo, an cire filasta. Bai dawo ayari ba tukuna.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi hutu. Asusu saura 12,000. Takardarmu shiru, mai unguwa ya aika an ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

An koma makaranta, ayarin firamare yara talatin da ɗaya, 'yan mata sha huɗu, kekuna goma sha ɗaya don wasu iyaye biyu sun sayo na gwanjo. Layin bayanmu sun zo sun ari allo guda za su fara nasu.

Abin da ke gabanmu zafi ne. Azumi zai kama farkon Maris, daga nan har Mayu rana a Sakkwato na wuce digiri 40, tafiyar safe ba matsala amma dawowa ƙarfe ɗaya da rabi ita ce abin tsoro, kuma masu rakiya na ɗauke da azumi. Na bi hanyar da rana tsaka don in ga inuwa, daga masallaci zuwa kwalbati akwai dogon yaro jere, daga nan har titi fili ne fetal, duk an sare lokacin da anka yi shaguna. Mun yi magana da wani mai keke napep ya rinƙa kwaso ƙananan 'yan aji ɗaya da biyu da rana kawai a watannin nan uku, ya ce 2,500 sawu biyu, iyayensu za su raba. Manya su dawo a ƙafa da gorar ruwa, a aje randa biyu a hanya, mai shayi da mai wanki sun yarda su rinƙa cikawa.

Dashen itace sai damina ta zauna, wajen Yuli. Mun ƙirga wuri talatin. Dashen kanshi ba tsada, kariyar awaki ce ke cin kuɗi, tubali ko kwandon ƙarfe, ma'aji zai tambayo farashin duka biyun kafin mitin na Asabar mai zuwa. Mai unguwa da hedimasta za su koma ofishin nan da kansu ran Talata kan maganar tudun, in an ba da izini siminti da fenti mu za mu saya.